Abin Da Ke Ƙarƙashin Hular Shu'aibu

Shafi na 27

Na ga saƙonninku a kan Shu'aibu. Wata har cewa ta yi in raba auren kowa ya huta. To ku karanta wannan tukuna, sannan ku yanke masa hukunci.

*

Tun ranar Talata Shu'aibu bai cire hula a gaban Ramlat ba.

Da farko ba ta sa abin a ranta ba. Tun da suka je Kano hutun babbar salla zazzaɓi ya ɗauke musu ɗansu Musbahu, suka dawo Dubai ɗaya bayan ɗaya, shi a gaba ita bayan arba'in, abubuwa da yawa sun canza a ɗan fulat ɗinsu na Al Buteen. Suna gaisawa. Suna cin abinci a faranti ɗaya. Amma hira ta yi ƙaura daga gidan. Mutumin da ko ranar da aka fita da gawar ɗansa ba ta ga ɗigon hawaye a idonsa ba, don ya ƙara hula a kan shirunsa ai ba abin mamaki ba ne.

Sai dai hular ta saƙa ce, irin ta sanyi, ga shi zafi bai gama sakin gari ba. Da ita yake kwana. Banɗaki kuma ya zame masa ɗaki na biyu, ya shiga ya kulle, ruwa ya yi ta zuba, in ya fito wani warin tsami na biye da shi, idanunsa jajur. Yau da safe da tana gyaran gado ta ga tabon jini a rigar filonsa, da wani ruwa-ruwa da ya bushe ya ƙandare.

Ya dawo daga masallacin Juma'a ya tarar ta dafa masa garau-garau, har da soyayyen kifi a gefe. Ya zauna a ƙasa ya jingina da gado, ya yi loma biyu ya ajiye cokali. Da ya kai ƙeyarsa jikin katakon gadon sai ta ga ya runtse ido ya ɗago da sauri.

"Ka cire hular mana ka sha iska."

Ya ce sanyin esi ne yake sa masa ciwon kai.

Ramlat ba ta yi musu ba. Ta tashi ta kashe esin, ta dawo ta zauna a gabansa ta naɗe ƙafa. Ɗakin ya yi tsit, sai hayaniyar masu turin kaya a layin ƙasa da ƙarar wani jirgin ruwa can wajen mashigi. Zufa ta fara tsattsafo masa a goshi, tana gangarowa daga ƙarƙashin hular. Wata ta gangaro da launin da ba na zufa ba.

Ta zagaya bayansa ta durƙusa a kan gadon. Ta kai hannu. Ya riƙe mata wuyan hannun, ba da ƙarfi ba.

"Ramla, bari."

"Na bari da yawa," ta ce. "Wannan ba zan bari ba."

Ya sake ta.

Hular ta ƙi fita. Ta manne da abin da ke ƙarƙashinta. Ramlat ta ɗebo ruwan ɗumi a ƙaramar roba ta jefa ɗan gishiri, ta riƙa jiƙa saƙar da tsumma mai tsabta tana ɗagawa kaɗan-kaɗan, kamar mai ɓare ƙwai. Shi dai ya dafe gwiwoyinsa.

Da hular ta rabu da kan, sai da ta kau da kai.

Sumar nan tasa baƙa mai laushi, wadda ya gado wajen kakarsa Bafulatana, wadda Musbahu ya kwaso tas, ta koma kamar ciyawar da wuta ta lasa. Ta yi ja-ja, ta kakkarye. Fatar kan ta saɓule wuri-wuri, bayan kunnuwansa duk ƙuna ne, gefen goshinsa ya yi ɓawo yana tsiyayar ruwa.

A hankali ta yi salati. Ta tambaye shi wa ya yi masa haka.

"Ni na yi wa kaina. Duba ƙarƙashin abin wanke hannu, bayan bokiti."

Ta je ta duba. Wata koriyar kwalbar shamfu ce da rubutun Turanci, saura kaɗan ta ƙare. Kusa da ita ga kwalbar ruwan khal ɗinta, ruwan tsamin nan na girki, da ta yi ta nema a kicin ba ta gani ba, ga garin sabulun wanki a ƙulle a leda, ga hular roba irin wadda mata ke sawa in za su yi wanka. Ta kwaso su duka ta jere a gabansa, ta koma bayansa ta ci gaba da goge ciwon. Ta lura in ba ta kallon fuskarsa maganar ta fi fito masa.

Ya ce kamfanin da yake tuƙa wa manyan motocin kaya daga Port Saeed ya samu kwangila da wasu masu aikin mai. Su kuma sharaɗinsu, duk direban da zai shiga filinsu sai an gwada shi, kuma ba gwajin fitsari da aka saba ba. Gashi za su yanka. An ce musu gashi ba ya mantuwa, duk abin da mutum ya sha cikin wata uku yana nan a rubuce a jikinsa. Jibi Lahadi za a yi. Babu wanda aka ba zaɓi.

Ya ce da ya ji haka aski ya fara zuwa masa a rai, ya yi ƙwal kawai ya huta. Sai wani abokin aikinsa ya ce masa kul, duk wanda ya zo da ƙwal sai su yanki na ƙirji ko na hammata, kuma daga ranar an sa masa ido. Shi ne ya kwatanta masa Ɗantani, wani mai shagon turare a lungunan Al Ras. A bayan kwalaben turaren yake ajiye shamfun. Ɗantani ya rantse masa daga Amurka ake kawo shi, wai yana buɗe gashi ya wanke cikinsa, wai direbobi nawa ya fitar kunya. Amma sai an haɗa da su khal da sabulun wanki, safe da yamma, kuma in ya ji zafi kada ya tsaya, zafin shi ne alamar yana aiki.

"Ranar farko raɗaɗi ne kawai," in ji shi. "Rana ta biyu fata ta fara fita. Na kira shi, ya ce shwayya shwayya, wai in bi a hankali, haka kowa yake yi. Jiya na sake kira, ya daina ɗauka."

Hannun Ramlat ya tsaya a kan ƙeyarsa. Tun da ya fara maganar tambaya ɗaya ce ke kai-kawo a ranta, tana tsoronta. Shekara shida da aurensu, ko sigari ba ta taɓa jin warinta a jikinsa ba. Mutum ne da in kansa na ciwo sai ta yi da gaske yake yarda ya haɗiyi magani.

"Me ka sha?"

Ya amsa bai juyo ba.

"Tiramol."

Ta matse tsumman a cikin robar. Ruwan ya riga ya yi ja.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da muka kai shi."

Daga nan maganar ta ɓalle masa. Ya ce shi ya shiga kabarin ya karɓi yaron da hannunsa. Bai san yaro ɗan shekara uku ba shi da nauyi haka ba. Da aka gama aka dawo ƙofar gida aka shimfiɗa tabarmi, sai ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa, ya zagaya bayan gida ya durƙusa yana ta kakarin amai ba abin da ke fita. Nan wani abokinsa na yarinta ya same shi, ya danƙa masa ƙwaya biyu da ruwan leda, ya ce sha ka tsaya a kan ƙafarka, mutane na jiranka. Ya sha. Ya fito ya zauna. Duk wanda ya ce ya haƙuri, ya ce haƙuri sai ma'aiki, da murya garau. Har dattawa na yaba masa, wai ga namiji, ga mai tawakkali.

Washegari shi ya je ya nemi abokin.

Ramlat ta tuna. Tana cikin ɗaki a tsakiyar mata, ta leƙo ta taga ta hango shi yana gaisawa da mutane, har yana ɗan murmushi. A ranar wani abu ya karye a tsakaninta da shi. Ta ce a ranta ashe ita kaɗai ta haifi yaron nan. Ba ta taɓa faɗa masa ba, amma da wannan ta kwana ta tashi wata biyu.

Ya ce sai da ya zo tahowa ya tsaya, don ya san ƙasar da zai shiga, ko ɓawon ƙwayar aka gani a aljihunka ka shiga uku. Ya sauka Dubai ba ko ɗaya a jikinsa. Makon farko a ɗakin nan shi kaɗai, ya ce bai taɓa sanin ƙashin mutum na iya yin ƙaiƙayi ba. Zufa, rawar ɗari, gudawa, ga ba barci. In ta kira shi daga Kano sai ya cusa bargo a baki ya daidaita numfashi kafin ya ɗauka, ya ce lafiya lau, aiki ne ya yi yawa, sai anjima.

"Na ɗauka guduna kake," ta ce.

"Gudun ki ji muryata nake."

"Ka sake sha tun daga nan?"

"Wallahi ko sau ɗaya. Amma gashin bai san na tuba ba."

Ta tashi ta zubar da ruwan ta sako sabo. A kicin ta ɗan tsaya ta dafa bango, ta bar hawayen suka zubo son ransu, sannan ta wanke fuska ta dawo. Ta ɗauko man ƙuna da ta saya tun lokacin da mai ya fallatsar mata a hannu. Ta ce ya kwanto. Ya juyo ya ɗora kansa a cinyarta a kaikaice, yadda ciwon ba zai taɓa zani ba. Rabon da ya yi haka tun kafin su tafi hutun nan.

Ta riƙa shafa man da ɗan yatsa, tana hura masa iska a inda ya fi ja.

Ya ce mata bai san ma ko wahalar banza ya sha ba. Daren jiya ya yi ta bincike a waya, wasu su ce yana yi, wasu su ce ƙarya ce ta masu neman kasuwa, abin da ya shiga cikin silin gashi ba ya fita da wanki. Kuma yanzu ko makaho ya shafa kan nan ya san an yi wani abu. In sakamako ya fito ba daidai ba, mafi sauƙi su kore shi. In suka kore shi bizarsa ta mutu, tata ma da ke rataye da tasa ta bi ta. In kuma suka miƙa wa hukuma, wannan bai ma san ƙarshensa ba. Shi ba kansa yake ji ba. Ya raba ta da gida ya kawo ta nan, ya mayar da ita gida ta rasa ɗa, yanzu kuma zai ja mata abin kunya a bakin duniya.

Ramlat ta bar shi ya kai aya.

Ta ce masa wannan kwalbar dai ya gama da ita, yau za ta bi shara. Gobe Asabar da safe za su je asibiti a duba kan nan kafin ya ruɓe, kuma duk abin da likita ya tambaya gaskiya za su faɗa, su ji shawarar da zai ba su tun kafin Lahadi. Ba ta san dokar ƙasar nan ba, ba za ta yi masa ƙaryar ta sani ba. Amma ta gaji da zama da baƙo a ɗaki ɗaya.

"In aka ce mu tafi, sai mu tafi. Khalas, shi ke nan. Dama a can muka baro shi."

Ta ji kafaɗarsa ta motsa.

"Da ka yi kukanka a ranar, Abban Musbahu. Da ka shigo ɗaki mun yi tare. Wa ya ce maka dutse nake nema?"

Tun da yaron ya rasu sunan bai sake fita daga bakinta ba. Ta rasa da me za ta kira shi, sai ta koma "ka ji" da "ga abinci". Yanzu da ya fito, sai ta ji kamar ta sauke tulu daga ka.

Shu'aibu ya cusa fuskarsa a zaninta. Kukan bai zo da ƙara ba, wani irin gunji ne daga can ƙasan ƙirji, irin na wanda bai iya ba. Ba ta ce ya yi haƙuri ba. Haƙurin ne ya kawo su nan. Ta dai riƙe masa kafaɗa, tana kare ciwon da ɗaya hannun kada ya goge shi, har jikinsa ya daina rawa.

Sun daɗe a haka. Rana ta karkata ta shigo ta tsakanin labule ta kwanta a kan farantin abincin da ya huce. Ya ce yana jin yunwa. Ta yi dariya da hawaye a fuska, ta jawo farantin, ya tashi zaune suka ci da hannu, shi yana cire mata ƙayar kifi kamar da.

Suna cikin ci ta ce tunda yau ranar fasa ƙwai ce, ita ma tana da nata.

Ta tuna masa ranar da zai taho, da ya ce duk kayan Musbahu a bar su a Kano a ɗakin Umma, mahaifiyarta, kada ta zo da ko takalmi, don zuciyarta ta samu ta huta. Ta amsa masa da to. Amma da ta zo tahowa ta kasa. Ta ɗauko 'yar jakarsa ta goyo, shuɗiyar nan mai hoton jirgin sama, da kayan sallarsa a ciki yadda suke. Ta ɓoye ta a ƙasan durowa bayan barguna. Kullum in ya fita aiki sai ta zuge ta ciro rigar ta shinshina, har ƙamshin ya ƙare ya koma na hannunta.

Ba ta lura ya daina tauna ba.

Ta ce yau da ta ga jinin nan a filo sai ta ji tsoro ya kama ta, ta ga tana can rungume da rigar wanda ya tafi, wanda ya rage yana zubar da jini a gefenta ba ta sani ba. Shi ya sa da Hajiya Mero ta biyo yi mata sallama yana masallaci, ta ɗauko jakar ta ba ta. Hajiya Mero ƙawar Umma ce, mai sarin abaya da turare, duk zuwanta Dubai sai ta leƙo su, kuma ta saba kai kaya gidan marayu in ta koma Kano.

"Na ce ta ba wani yaron ya sa, ladan ya isa gare shi. Ka ga ni ma na saki."

"Shuɗiyar jakar?"

Muryar ta sa ta ɗago. Fuskarsa ta yi fari fat, shinkafa na zubowa daga hannunsa.

"Ita. Me ya faru?"

"Kin taɓa buɗe ƙaramin aljihun ciki? Na bayan, mai zif?"

Ta girgiza kai. Ita rigar kawai take cirowa.

Ya ce ranar da zai baro Kano akwai sauran ƙwayoyin a hannunsa, katin da bai taɓa ba da wanda ya fara. Ya so ya watsa su a masai, mutane suka yi ta shigowa sallama, mota na jira a waje. Sai ya tura su a aljihun jakar yaron da ke rataye a ɗakin Umma, don ya san nan ne wurin da babu mai ƙarfin zuciyar taɓawa. Ya ce in ya koma zai zubar.

Ramlat ta ji ɗakin ya juya. Da jakar nan a kafaɗarta ta ratso filin jirgin Dubai, ta wuce gaban jami'ai tana share hawaye, ba wanda ya tsayar da ita. Kusan wata guda tana kwana da abin a ƙasan durowarta.

"Yaushe jirginta?"

"Na la'asar. Daga nan otal ɗinta za ta biya ta ɗauki akwatuna ta wuce." Ta ture farantin gefe. "Ta ce akwatunan an riga an ɗaure. A hannu za ta riƙe ta."

Can masallacin layinsu aka ɗaga kiran salla.

Shu'aibu ya miƙe yana laluben makullin ɗaki, kansa a buɗe, man ƙuna na sheƙi a kan ciwon. Ita kuwa ta rarumi waya, yatsunta duk mai da yaji, sai da ta goge a zani kafin allon ya yarda ya buɗe. Ta nemo lambar. Tsohuwar da ta goya ta tana jaririya. Tsohuwar da ko karatun boko ba ta yi ba, balle ta san me aka rubuta a bayan kati.

Ta yi ta ƙara har ta katse.

Ta sake kira. Ta katse.

A na uku aka ɗauka.

"Hajiya! Hajiya, jakar nan da na ba ki, don Allah kada ki..."

Ba muryar Hajiya Mero ba ce. Namiji ne, Balarabe, a nutse, bayansa ana jin sanarwar tashin jirage. Ya yi mata sallama cikakkiya. Sannan ya tambaya da Turanci, a hankali, yana rarrabe harafin sunan kamar mai karantawa daga allon waya, ko ita ce Ramlat.